Akwatin Kanti ko Ƙirar Hannu: Wace Na'urar Leza Za Ka Ɗora a Jirgi Don Auna Tururin Ruwa?

A watan Agusta, idan hadari ya haɗo daga gabas da la'asar sakaliya, ka tsaya a fili a Samaru ka ɗaga kai kafin iska ta taso. Gindinsa baƙi ƙirin, amma can ƙololuwa fari ne fat, ya baje gefe da gefe kamar uwar maƙera. Ya baje ne domin ya doshi wani rufi da ido ba ya gani, wajen kilomita 16 zuwa 17 a sama, inda sanyi ke kaiwa digiri 80 ƙasa da sifili. Wani lokaci sai ka hangi wani ƙullutu ya ɓullo a tsakiyar farin nan, ya zarce sauran. Ƙanƙarar da irin wannan ƙullutu ke cillawa sama ta daɗe tana hana masana yanayi barci, kuma ita ce ta kawo wani ɗalibina ofis da takarda a hannu.

"Malam, na samo farashin na'urar," in ji shi. Kan takardar ya ce zai auna aisotof, wato nau'o'in ƙwayoyi masu bambancin nauyi, na tururin ruwa a can saman sararin samaniya bisa Zariya, da na'urar Picarro, a cikin ƙaramin jirgi. Na ji daɗin takardar ƙwarai, domin shekaru na yi ina fatan wani daga cikin yaranmu ya ɗaga kai ya dubi wannan fanni. Na ce masa ya zauna. Tambaya biyu na yi masa: jirgin zai kai kilomita nawa, kuma ruwa nawa ne a cikin iskar wurin da zai kai? A kan waɗannan biyun zaɓin na'ura gaba ɗaya ya rataya, kuma don shi da ire-irensa na rubuta wannan.

Ruwa dai ba nauyinsa ɗaya ba. Ƙwayar ruwa haidurojin biyu ce da oksijin ɗaya, amma a cikin kowace ƙwaya 3,200 na ruwan teku akwai ɗaya da haidurojin ɗinta guda ya ninka nauyi. Shi ne diyuteriyom da Harold Urey ya gano a 1931, ƙwayar kuma ana rubuta ta HDO. Ɗaya cikin 500 kuma tana ɗauke da oksijin-18. Ido ba ya bambanta su, harshe ma haka. Sai dai mai nauyin tana da nawar tashi ta zama tururi, ga saurin komawa ruwa ko ƙanƙara. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna shiƙar dawa ya ga misalin: tsaba ta faɗo kusa, ƙaiƙayi ya yi gaba da iska. Haka iska mai laima take yi tana hawa. Kowane ɗigon da ya faɗo ya tafi da kaso mafi yawa na masu nauyi, tururin da ya rage sai ƙara sauƙi yake yi. Saboda haka in ka auna yawan HDO a wani wuri a sama, ka karanta tarihin tafiyar ruwan, abin da ma'aunin laima zalla ba zai taɓa faɗa maka ba.

A 1949 Alan Brewer ya bayyana dalilin da ya sa sararin da ke bayan rufin nan, sitiratosfiya, ya bushe ƙayau: iska tana shiga cikinsa ne ta saman ƙasashe masu zafi irin namu, sanyin rufin kuma ya daskare ruwanta ya zubar. In da sannu a hankali kawai iskar ke hawa tana zubar da ƙanƙara, lissafi ya nuna HDO zai ragu da wajen kashi 900 cikin dubu idan aka kwatanta da ruwan teku. Amma a 1996 Elisabeth Moyer da abokan aikinta suka duba awon na'urar ATMOS da aka ɗora a kumbon Amurka, suka ga raguwar ba ta kai 700 ba. Akwai ruwa mai nauyi da ya tsallake shiƙar. Bayanin da ya fi zama shi ne manyan hadura suna jefa ƙanƙara sama da gudu kafin ta samu faɗowa, ta koma tururi a can. Ruwan da ke wurin ɗan kaɗan ne, amma yana riƙe zafi: binciken da Susan Solomon ta jagoranta a 2010 ya nuna raguwarsa da kusan kashi 10 cikin ɗari bayan shekarar 2000 ta rage saurin ɗumamar duniya na wani lokaci.

Yanzu ga lambar da nake so kowa ya riƙe. Da damina a Zariya, cikin kowace ƙwayar iska miliyan ɗaya, sama da 20,000 tururin ruwa ne. Da hunturu, lokacin da wanki ke bushewa kafin ka gama shanya, yakan sauka zuwa 'yan dubbai. A kilomita 10 zuwa 12, inda manyan jiragen fasinja ke bi, gommai ne zuwa ɗaruruwa kaɗan. A bakin rufin kuwa, uku ne zuwa biyar. Ka ɗauki huɗu, ka raba da 3,200, ka cire abin da shiƙa ta tafi da shi, za ka ga HDO ƙwaya ɗaya ce cikin biliyan biyu. Ita ake so a ƙirga, daga cikin jirgin da ke cin mita 200 a daƙiƙa yana karkarwa.

Duk na'urorin leza dabararsu ɗaya ce a tushe. Kowane irin ƙwayar ruwa yana da nasa launin hasken infirared da yake sha. A haska leza ta ratsa iskar, a ga nawa aka shanye a launin HDO, nawa a launin ruwan yau da kullum. Idan ƙwayoyin sun yi ƙaranci, hanya biyu ce ta rage: ko a tsawaita tafiyar hasken da madubai, ko a zaɓi launin da ruwa ya fi sha da ƙarfi. Bambancin na'urorin duk a nan yake.

Akwatin kanti, wato na'urar da ake saya a haɗe, irin L2130-i da L2140-i na kamfanin Picarro, yana aiki da dabarar da masu sayarwa ke rubutawa CRDS, wadda O'Keefe da Deacon suka fito da ita a 1988. Ni nakan kira ta awon mutuwar haske. Ka buga ƙararrawar makaranta ka saurari yadda amonta ke mutuwa. Ka ɗora mata tsumma ka sake bugawa, zai mutu da wuri. A cikin akwatin akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai madubai uku. Ana cika shi da haske, a kashe leza, a auna tsawon lokacin da hasken zai ɗauka kafin ya ƙare. Hasken yana kewayawa har tafiyarsa ta kai kilomitoci, kuma tunda lokaci ake aunawa ba ƙarfin haske ba, rawar leza ba ta ɓata lissafi. Ana riƙe ɗakin a zafin digiri 80 ba motsi. Na'ura ce natsattsiya, tana iya yin watanni tana aiki, kuma in ta lalace akwai wanda za ka kira. Da ita aka yi awon tururin ruwa na shekara guda cur a Yamai daga 2010, a cibiyar nazarin aisotof ta Jami'ar Abdou Moumouni. An kuma ɗora ire-irenta a jirgi sau da dama: bisa tsibirin Kosika a 2012, da jirgin P-3 na NASA a aikin ORACLES daga Namibiya da Sao Tome tsakanin 2016 da 2018. Kamfanin Los Gatos Research, wanda yanzu yake hannun ABB, shi ma yana sayar da nasa akwatin.

Amma dubi inda waɗannan jiragen suka yi yawo: ƙasa-ƙasa ne da tsakiya, inda ruwa ke da yawa. Akwatin kanti yana amfani da launin da tsawon zangonsa ke kusa da maikuromita 1.4 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), inda leza ke da araha da ƙarko saboda makwabcin launukan wayoyin intanet ne, amma ruwa ba ya shan haske sosai a wurin. Da zarar laima ta yi ƙasa da dubu ɗaya cikin miliyan, amsarsa ta fara karkata, hayaniya ta yi yawa, sai an yi ta gyara da lissafi. A kashi huɗu cikin miliyan kuwa, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Zai ci gaba da fitar da lambobi a allo, kuma wannan ne haɗarin, domin lambobin ba sa nufin komai.

Tsohuwar hanya kuma mai sauƙin fahimta ita ce ta madubai biyu masu fuskantar juna, kamar na shagon aski inda kake ganin ƙeyarka ta yi layi ba iyaka. Ana kiranta ɗakin Herriott, da sunan wanda ya ƙirƙiro ta a shekarun 1960. Haske ya shiga ta wata 'yar huda, ya yi ta kai da kawowa, ya fita ta inda ya shiga. ALIAS ta cibiyar JPL, mai tafiyar haske wajen mita 80, ita Chris Webster ya ɗora a jirgin WB-57 na NASA bisa Fulorida a 2002 ta auna aisotof a ciki da wajen gajimaren ƙanƙara. ISOWAT ta Karlsruhe a Jamus ma haka take, an ƙera ta don aikin CARIBIC da ya riƙa ɗora kayan awo a jirgin fasinja na Lufthansa, kuma a 2013 an hau da irinta har kusan kilomita 7 a kusa da tsibirin Tenerife. Haske yana fitowa da ƙarfinsa, lissafin a bayyane yake, ɗalibin fiziks mai hannu zai iya fahimtar kowane sashe nata. Rauninta gajartar tafiya: mita 80 ba kilomita ba ce, kuma hasken da ya kauce yakan haɗu da ɗan'uwansa ya yi zane-zanen da ke kama da shan haske alhali ba shi ba ne. Daga tsakiya zuwa tsayin jiragen fasinja tana da kyau. A wuri mafi bushewa sai da ƙyar.

Waɗanda suka fi zama a wannan busasshen wuri su ne na'urorin da ake harba haske a karkace, OA-ICOS. Madubai biyu ne masu tsananin kyau, amma maimakon a saita leza a tsakiya daidai, sai a shigar da ita a kaikaice ta yi ta zagaye fuskar madubin. Hikimar ita ce ba a buƙatar saiti na gashin-ido, don haka karkarwar jirgi ba ta dame ta, ga tafiyar haske ta kilomitoci. Jami'ar Harvard ta ƙera irinta a launin maikuromita 6.7, inda ruwa ke shan haske da ƙarfi sosai, ta tashi da ita a WB-57 daga Houston a 2005, sannan daga Kosta Rika a 2006 da 2007. Ta baya-bayan nan ita ce ChiWIS ta Jami'ar Shikago, ta rukunin Moyer ɗin nan dai, a launin maikuromita 2.65. Ta tashi daga Katmandu a Nepal a 2017 cikin jirgin Geophysica na Rasha, sannan daga Koriya ta Kudu a 2022, duk don daminar Asiya. In burinka bakin rufin ne da gaske, wannan ce na'urar. Sai dai hasken da ke tsiyayowa ta bayan madubi ɗan mitsitsi ne, sai da ma'auni mai kaifi da sanyaya. Ɗakin babba ne, sai da famfo mai ƙarfi. Babu kuma kantin da ke sayar da irin wadda ke kaiwa can. Rukunin mutane ne ke shafe shekaru suna ƙera guda ɗaya, su kuma suke raka ta duk inda za ta.

Harvard ɗin sun kuma yi wata dabam mai suna Hoxotope, wadda ke fasa ƙwayar ruwa da haske ta ƙirga gutsattsarin, aka tashi da ita tare da waccan ta farko domin kowace ta zama shaidar 'yar'uwarta. Ba zaɓi ba ce ga kowa a nan, na ambace ta ne don a ga irin taka-tsantsan da aikin ke so.

Akwai guda ɗaya da nake jin ta a raina fiye da sauran, domin ta zo unguwarmu. A Agustan 2006, lokacin babban binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, jirgin Geophysica na Rasha, mai kaiwa kilomita 20 da ɗoriya, ya sauka a Wagadugu. Cikin kayansa akwai IRIS, ƙaramar na'urar da masana daga Groningen a Holan da Grenoble a Faransa suka haɗa, mai ɗan ƙaramin ɗaki da iska ke saurin wankewa, a launin maikuromita 1.39. A watan nan kuma aka riƙa sakin balan-balan daga Yamai, suka tarar da ƙwayoyin ƙanƙara da iska mai laima a saman rufin bayan wucewar manyan hadura. Hadurran Sahel daga gabas suke tafiya yamma, da yawansu kuma a tsaunukan Jos da na Azbin suke tasowa. Ke nan wasu daga cikin abin da ake aunawa a can, ta kanmu ko ta gefenmu suka ratsa. Wannan ne ya sa ba na son mu ci gaba da zama 'yan kallo.

Duk da haka ba a zaɓin madubi kaɗai gizo ke saƙa ba. Abin da ya fi kayar da masu wannan aiki shi ne ruwa yana da naci. Jarkar da ta taɓa cin kananzir, ko sau nawa ka ɗauraye ta, in ka zuba ruwan sha sai ka ji warin. Tururin ruwa haka yake manne wa bangon bututu da tacewa da madubi, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan daga baya. Ka yi tunanin jirgin da ya kwana a filin Zariya cikin laimar Agusta, bututunsa sun sha tururi mai nauyi na ƙasa, sannan ya hau inda ruwan iska ya ragu sau dubbai. Ɗan abin da ya rage a bango ya isa ya rinjayi abin da ake nema, kuma amsar ƙaryar da zai bayar ita ce wadda mai bincike ke ɗokin gani: ruwa mai nauyi a sama. Mutum sai ya ɗauka ya gano ƙanƙarar hadari, alhali laimar filin jirgi ya auna. Maganinsa gajeren bututu mai santsi, a ɗumama shi, a ja iska da ƙarfi, a kuma riƙa hura busasshen naitirojin a ciki tun jirgi yana ƙasa har ya yi nisa. Bakin bututun ma zaɓi ne: in ya kalli baya, tururi kawai zai sha, in ya kalli gaba, har da ƙanƙara zai kwasa. Mu kuma muna da ƙarin namu, ƙurar hunturu, wadda ke toshe tacewa, tacewar kuma ta zama wani wurin da ruwa zai maƙale.

Sai saita awo. Kowace lamba ana kwatanta ta ne da ruwan misali na hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Viyana, wato VSMOW, da ɗan'uwansa SLAP na ƙanƙarar Antatika, wanda HDO ɗinsa ya ragu da 428 cikin dubu. Lura cewa tururin bakin rufi ya fi SLAP ɗin ma sauƙi, ma'ana mai awo a can ya wuce ƙarshen ma'auninsa. Wanda ya tsaya ƙasa da tsakiya bai da wannan damuwar.

Jirgin kuma fa? WB-57 uku ne a hannun NASA, ER-2 biyu, sai Geophysica. Su ne masu kaiwa kilomita 18 zuwa sama. Ƙananan jiragen da muke gani suna shawagi bisa Zariya daga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa tun 1964, 'yan kilomitoci kaɗan ne iyakarsu. Ko huda taga don fitar da bututu sai da amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama.

Ga abin da na gaya wa ɗalibin, kuma har yanzu a kansa nake. Na ce ya sayi akwatin kantin, amma ya canja kan takardar. Daga ƙasa zuwa kilomita uku ko huɗu bisa Zariya wuri ne mai daraja da kansa: a nan iskar teku mai laima ke kwance a ƙasa, busasshiyar iskar Sahara tana bisa kanta, iyakar tsakaninsu tana matsawa arewa da kudu tare da shekara. Aisotof zai nuna ko bushewar wani sashe daga cakuɗuwar iska biyu ta zo ko daga zubar ruwa, zai kuma nuna nawa ne daga ɗigon ruwan sama ke komawa tururi kafin ya iso gona. Na'urorin da ke kan taurarin ɗan'adam, irin IASI, suna auna HDO a wannan tsakiyar kullum, kuma suna buƙatar awon jirgi da zai gaskata su. Duk wannan yana cikin iyawar akwatin. Ranakun da babu kuɗin man jirgi, waɗanda su ne za su fi yawa, na'urar ta zauna a kan rufin bene tana shan iska dare da rana da batir da sola a bayanta, domin ɗaukewar wuta tana sanyaya ɗakinta ta ɓata awon sa'o'i.

Wanda yake da hannun ƙira da haƙuri, kuma burinsa horar da ɗalibai su san leza ciki da bai, ɗakin Herriott a launin maikuromita 2.7 aikin digiri na uku ne mai kyau a teburin gwaji. Wanda kuma zuciyarsa ta kafe a kan bakin rufin, hanyarsa ba saye ba ce. Bayanan ayyukan NASA a buɗe suke ga mai so, ya ɗauko ya koyi karanta su, ya rubuta wa rukunin da ke da na'urar. Ranar da irin jirgin nan zai sake zuwa Afirka ta Yamma, mutanen da ke da awon shekaru a ƙasa su za a fara nema.

Bayan mako biyu ya dawo da sabuwar takarda. A kasafin ya ƙara abubuwan da da babu su: ruwan misali daga Viyana, tukwanen busasshiyar iska, bututu mai ɗumama, tacewa masu yawa, batir. Ya kuma karanta labarin GNIP, tsarin tattara ruwan sama don awon aisotof da aka fara a 1961, ya ce ba zai jira kuɗi ba. "Malam, daga ruwan farko na bana zan fara tarawa." Ya riga ya samo mazurari da kwalabe masu murfi mai kyau, da man farafin da zai zuba a saman ruwan don kada ya tashi kafin ƙarshen wata.